Turke a Ƙasa Mai Numfashi

Ku matso ku zauna, masu kunnen ji. Wanda ya yi tafiya ya samu abin faɗi, wanda ya zauna gida ya samu abin musu. Ni ne Cindo ɗan Nomau, farke ɗan farke, wanda ya sha ruwa a inda tsuntsun garinmu bai taɓa sauka ba. Abin da zan ba ku gani ne, gani kuwa ya kori ji. Wanda bai yarda ba, ga hanya nan, ba a kulle take ba.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari a duniya, ni da yayana Barau. Shi mutum ne mai sanyi, magana sai an jawo ta daga bakinsa, ni kuwa tun ina yaro ake cewa bakina zai ci da ni ko ya kashe ni. Shekarar da fari ya cinye gonakinmu muka ji labarin wata ƙasa can gabas, inda gero ke nuna ko ruwa bai sauka ba. Muka aza wa jakinmu Goho mangala, muka ce ba mu ba gida sai da irin geron nan.

Farkon abin mamakin da muka tarar wani kogi ne mai faɗi. Mutanen bakinsa kowa na rataye da gora a wuya, an toshe bakin da danƙo. Abin bautar kowa na cikin goransa, shi kaɗai ya san ko mene ne, ko matarsa ba ta tambaya. Mai fito ya ce ba ya ƙetarar da wanda ba shi da gora, wai kwalekwalensa ba ya ɗaukar mutum fanko. Na zaga bayan wata kuka, na zubar da ruwan gorunanmu, na toshe su, muka rataya. Mai fiton ya dube mu ya ce, "Naku da nauyi?" Na ce, "Ai da ƙyar muke ɗaga ƙafa." Ya ƙetarar da mu. Ni ina ta dariya har da riƙe ciki, Yaya Barau kuwa sai da muka yi nisa sannan ya cire nasa, ya ajiye a gindin bishiya a hankali.

Na ce, "Yaya, iska ce fa kawai a ciki."

Ya ce, "Na sani. Iskar ma ai wani abu ce."

Daga nan muka hau wani dutse mai gari a kansa, inda duk abin da idon mutum ya fara faɗawa a kai da safe, shi zai girmama har rana ta faɗi. Goho, ɗan banza, ya iya kukan safe, saboda haka kullum shi rabin gari ke fara gani. Aka yi ta ba shi dusa da harawa, aka hana mu aza masa kaya. Da na ga zamanmu zai zama na dindindin, na ɗaure masa baki, na lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Gari ya waye, suka ga tabarma, suka ɗauke ta a ka suna kewaya gari da ita, mu kuwa muka kora jakinmu muka gangara.

Daga nan wasa ya ƙare.

Bayan dutsen muka shiga wani fili kore shar, iya ganin ido. Goho ya toge, ya ƙi takawa. Na ɗaga sanda zan buge shi sai na ji ƙasa ta ɗaga ni a hankali, ta riƙe ni, sannan ta sauke ni, kamar ƙirjin mai barci. In ta ɗaga iska ta bi ta gabas, in ta sauka iska ta dawo. Gabana ya faɗi, amma ga gero can ya yi zangarniya ba ko girgije a sama, sai kwaɗayi ya fi tsoro ƙarfi.

Bukkokin mutanen wurin na ciyawa ne, an saƙa su an ɗora a kan ƙasa, an danne gefensu da duwatsu. Babu dirka ko ɗaya da aka kafa. Ban ga fartanya ba, ban ga rijiya ba, ban ga kabari ba. Duk na ga wannan da idona, amma ban haɗa ɗaya da ɗaya ba. Baƙo makaho ne ko da idanunsa.

Wata tsohuwa mai suna Shawai ta tarye mu a bakin ƙauyen, ta sa muka tuɓe takalma. Na gaishe ta na ce, "Iya, ina gidan sarki, mu je mu yi gaisuwa?"

Ta ce, "Ba mu da shi, ɗan nan."

"To ina ɗakin tsafinku? Wa ke yi muku magana da abin da kuke bauta wa?"

Ta yi dariya. Ta dafa ƙasa, ta dafa ƙirjinta, ta taɓa goshina, ta ja kunnen Goho. Ta ce, "Ita ce nan, nan ma ita ce, wannan mai dogon kunnen ma ita ce. Wa zai tsaya tsakanin mutum da numfashinsa?" Ta ce kowa a garin yana da inda ya fi jin ta. Ita wani faffaɗan dutse take kai wa kunne a bayan bukkarta, maƙwabcinta Gyauro a kaɗawar iska cikin gero yake ji, wata kuma a kukan jaririnta. Ba mai koya wa wani, ba mai gyara wa wani.

Na ce a raina, ni da addinina, ku da naku, gero na zo nema. Yaya Barau kuwa ya tsaya yana kallon ƙafafunsa, yadda ƙasa ke ɗaga su tana saukewa.

Tsohuwar ta tafi kawo mana ruwa. Mu kuma muka yi abin da kowane farke ke yi in ya sauka, abin da hannu ke yi ba tare da ya tambayi kai ba. Ni na sauke mangala, Yaya ya zaro turken Goho, ya samu dutse, ya kafa tsinin a ƙasa, ya buga. Shawai ba ta gargaɗe mu ba, don bai taɓa zuwa mata a rai cewa mai hankali zai yi haka ba. A bugu na ƙarshe turken ya shige lumus, ƙasa tana cikin ɗagawa ta tsaya cak.

Na ji ƙwarya ta faɗi a bayanmu. Shawai ce, ta kama baki da hannu biyu.

Iska ta ɗauke. Tsuntsaye suka yi ta sauka a kan ciyawa, bakunansu a buɗe. Wutar murhun da ke kusa da mu ta lafa ta koma toka-toka. Na ja numfashi, ya shiga, amma bai ƙosar da ni ba, na sake ja, haka. Yaya ya ruɗe, ya kama turken ya fizge. Ramin ya fara huci, wata iska mai ɗumi tana fita da ƙarfi, mai wari irin na bakin saniya. Ya yi maza ya danna tafin hannunsa na dama a kai. Hucin ya tsaya, amma ƙasa ta buɗe ta karɓi hannun har wuyansa, ta matse.

Na rungume ƙugunsa na ja, ya yi ƙara, na saki. Na durƙusa zan tona da yatsu, wani ƙaƙƙarfan mutum ya damƙe mini wuyan riga ya jefar da ni gefe. Gyauro ne, maƙwabcin tsohuwar. A ɗaya hannun yana rungume da jaririyarsa, leɓɓanta sun fara yin baƙi.

Ya ce, "Rauni ɗaya bai ishe ku ba, baƙo?"

Mutane suka taru suka kewaye mu. Ba mai zagi, ba mai ɗaga murya, kowa na tattalin numfashinsa, shirun nan kuwa ya fi zagi ban tsoro. Gyauro ya ce an taɓa yin haka a zamanin kakansa. Wani maharbi ya soka mashi a ƙasa, sai ya kwanta a kan ramin, ta karɓe shi gaba ɗaya, ta rufe, sannan ta ci gaba da numfashi. Ya ce, "Abin da ya huda shi zai toshe. Haka yake."

Na ce, "Zai ɗauki lokaci?"

"A hankali take ci. 'Yata kuwa ba za ta kai faɗuwar rana ba." Ya nuna inuwar bukka da ƙafa. "In inuwar nan ta taɓa ɗan'uwanka ƙasa ba ta numfasa ba, zan taya ta. Zan danna shi ciki."

Jama'a, ni mutum ne da bai taɓa shiga kasuwar da bakinsa bai yi ciniki ba. Na ce a ɗauki jakin, a ɗauki kayan, a ɗauke ni bawa. Suka yi ta kallona. Wa zai karɓa? Babu sarkin da zan faɗi a gabansa, babu bokan da zan cika wa hannu, babu dokar da zan murɗe. Hantsi ya wuce, rana ta take tsaka, hannun Yaya ya shige har rabin sangalin hannu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na lallaɓa bayan bukka, na tarar da Shawai kwance, kunnenta a kan dutsenta. Na ce, "Iya, don girman abin da kike ji, roƙe ta ta yi haƙuri. Bai sani ba ne."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ba fushi take ba, ɗan nan. In ƙaya ta soke ka, namanka fushi yake da ƙayar? Rufewa kawai yake."

"To lalle sai mutum guda za ta rufe da shi?"

Ta ɗago kunnenta daga dutsen. Sannan ta ce, "Ban sani ba. Maharbin can da ƙirjinsa ya kwanta. Ba wanda ya taɓa tambaya."

Na koma wurin Yaya. Ya kwanta a kan gefensa, kuncinsa a ciyawa, ƙasa ta kusa kai masa gwiwar hannu. Na zaci zan same shi yana kuka, sai na ga fuskarsa ta kwanta lumus, irin yadda ban taɓa ganinta ba tun muna yara.

Ya ce, "Cindo, matso ka ji. Ina jin kogin nan da muka ƙetare, yana bi ta yatsuna. Ina jin saiwar gero tana shan ruwa. Ina jin kofaton Goho, ina jin gwiwarka a nan inda ka durƙusa."

Na ce, "Zafin ciwo ne, Yaya."

"Babu ciwo. Tun da Inna ta rasu nake jin an bar ni a waje, an rufe ƙofa. Yanzu babu waje, babu ciki. Ita ma tana nan, da ni, da kai, duk abu ɗaya ne." Ya lumshe ido. "Kada ka hana ni."

Wannan magana ta fi ramin tayar mini da hankali. Da ƙasa kaɗai nake ja da ita, da sauƙi. Yanzu mai hannun ma ya koma bayanta. Na dubi inuwar bukkar, saura kaɗan ta taɓa dugadugansa.

Na miƙe na tsaya gaban Gyauro. Na ce, "Ku kuka ce komai ita ce, dutse da kunnen jaki da goshina, babu babba babu ƙarami. Haka ne?"

Ya ce, "Haka nake ji."

"To hannun Barau, Barau ne ko wani ne daban? Hannun ne ya buga turken. In ƙarami da babba ɗaya ne a wurinta, me za ta yi da sauran?"

Ya rufe ido ya karkatar da kai wajen gonar gero, yadda ya saba. Ko ganye ɗaya bai motsa ba. Ya buɗe ido, na ga hawaye a ciki. Ya ce, "Babu iska. Ban ji komai ba."

"To yau ka ji daga bakina."

"In ba ta karɓa ba fa?"

Na ce, "Ka danna mu mu biyu."

Shawai ta fito da kasko cike da man kaɗanya, ta aza a kan murhu. Ta ja ni gefe ta ce, "Ka san abin da kake saye. Jinin ba zai tsaya ba sai da tafasasshen mai, wutar nan kuwa ba za ta farka ba sai ita ta numfasa. In ba ta karɓa ba, a hannunka zai ƙare." Na leƙa murhun. Garwashin ya yi fari, sai wani ɗan ja can ƙasa kamar idon zakara.

Na kwance igiyar Goho, na ɗaure dantsen Yaya tamau. Na zaro gatari daga mangala. Na ɗauko turken nan na shimfiɗa shi a ƙarƙashin hannun, don kada bakin gatari ya taɓa ƙasa mu sake wata ɓarnar. A nan Yaya ya gane. Ya fara fizge-fizge.

Ya ce, "Cindo, ni ne babba. Na ce ka bari."

Tun da aka haife ni ban taɓa ƙetare maganarsa ba in ya faɗe ta da wannan muryar. Na ce, "Na ji, Yaya."

"Ba mutuwa zan yi ba. Ka ji ni, ba mutuwa ba ce. Don Inna, ka bar ni."

Gyauro ya miƙa wa matarsa jaririyar, ya zo ya danne masa kafaɗu. Mutanenmu na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa inda na tsaya ba. Na kira sunan Allah, na ɗaga gatari, na sauke. Bai rabu ba sai da na ƙara.

Muka janye shi. Ƙasa ta zuƙe abin da ya rage mata a hankali, bakin ramin ya haɗe, ciyawa ta rufe wurin. Muka tsaya muna jira.

Ba abin da ya motsa.

Jini na tsartuwa ta ƙarƙashin igiya, na danne da hannu biyu yana bi ta tsakanin yatsuna. Leɓɓan Yaya suka yi fari. Matar Gyauro ta girgiza jaririyar, kanta ya langaɓe. Shawai ta durƙusa tana hura garwashi da ɗan numfashin da ya rage mata, toka kawai ke tashi. Gyauro ya miƙe tsaye a kaina, inuwarsa ta rufe mu, ban ɗaga kai ba. Na kifa goshina a kan na Yaya. Ban roƙi ƙasar ba, ba kuwa zan ce muku na roƙe ta ba. Amma na ji ni ma na riƙe numfashina tare da ita, ban san dalili ba.

Sai ƙasa ta sauka a ƙarƙashin gwiwoyina. Ta yi ta sauka har na zaci ba za ta tsaya ba, sannan ta ɗago, iska ta bi ta cikin gero da ƙarfi har bukkoki suka yi rawa. Jaririyar ta tsala kuka. Garwashi ya yi ja, wuta ta kama, ba a jima ba mai ya fara tafasa. Shawai ta kama dungun hannun ta tsoma. Yaya ya sume, jinin ya tsaya.

A bukkar tsohuwar ya yi jinya har wurin ya warke. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen turke. Ranar da za mu tafi Gyauro ya kawo damin gero ya aza a kan Goho da kansa. Mun shuka shi a gida daga baya, ya fito kamar kowane gero, in ba ruwa ya bushe.

Da muka kai iyaka, inda ƙasa ke komawa tauri irin tamu, Yaya ya tsaya. Ƙafa ɗaya a can, ɗaya a nan. Na riƙe igiyar jaki ina jira, don na san in ya juya ba ni da sauran dabara. Ya daɗe a haka har Goho ya fara kiwo.

Ya ce, "'Yar Gyauro tana kwance a kan ciyawa yanzu. Ina jin ɗuminta a tafin hannuna."

Na ce, "Babu tafin hannun, Yaya."

Ya ce, "Akwai. Ni ne babu." Ya ɗauke ƙafar, ya sa takalminsa, ya wuce gaba.

Nan tafiyar ta tsaya, nan kuma zan sauke muku kayanta. Masu ji sukan tambaye ni ko mutanen can gaskiya suke. Ban sani ba, ni farke ne, abin da na gani na faɗa. Sukan kuma tambaya ko na yi nadama. Ko kusa. Da za a mayar da ni wurin, da gatarin nan zan sake ɗauka.

Yaya Barau yana nan da rai, ya tsufa a gidana. Yana cin tuwo da hagu, yana wasa da jikokina, in an yi magana yakan amsa. Kowace safiya ni nake ɗaure masa tazuge, shi yana kallon gabas ta saman kaina. Har yau bai ce mini sannu ba, ni ma ban ce masa yi haƙuri ba.